Tambayoyi da Amsoshi Kan Kambas ɗin Ƙwallon Kwando Na Tsohon Yayi: Daɗin Sawa, Ado da Ƙarko

Ina sayar da takalma a Garwa ta ƙasar Kamaru, sababbi da na gwanjo. Tun da samari da 'yan mata suka raja'a a kan kambas ɗin ƙwallon kwando irin na da, tambayoyi kusan iri ɗaya ake maimaita mini, a rumfa da kuma ta WhatsApp daga Marwa, Ngaundere, Kuseri har Njamena. Na tattara su a nan tare da amsar da nake bayarwa. Abin da ke ci mini rai shi ne yaro ya tara kuɗi wata da watanni, ya zuba su a kan suna, takalmin kuma ya kasa kai wa Sallah mai zuwa. Shi ya sa za ku ga na fi tsayawa a kan ƙasan takalmi da ɗinkinsa fiye da tambarin da ke gefe.

Malam, waɗanne ne ake kira na tsohon yayi? Tsofaffin takalma ne?

Fasalin ne tsoho, takalmin kuwa yana iya zama ƙirar bana. Kamfanoni ne ke sake ƙera samfuran da 'yan ƙwallon kwando na Amurka suka taka a fili shekaru masu yawa da suka wuce. Kakansu duka shi ne Converse All Star, na yadi mai ƙasan roba, wanda ya fito a 1917. Adidas Superstar mai murfin roba a kan yatsu ya zo a 1969, Puma Clyde a 1973 domin Walt Frazier na ƙungiyar New York Knicks. A 1982 Bruce Kilgore ya zana wa Nike Air Force 1, takalmin ƙwallon kwando na farko da aka sa wa jakar iska a ƙasansa. Adidas Forum mai maɗauri a idon sawu ya biyo a 1984. Sai 1985, shekarar da aka fitar da zanen Peter Moore guda biyu, Dunk da Air Jordan 1, wanda aka fara sayarwa a kan dalar Amurka 65. New Balance 550 na 1989 ne, an manta da shi tsawon lokaci, sai a 2020 ya dawo.

Nike ma ta taɓa daina yin Air Force 1 a 1984. Wasu 'yan kasuwa na birnin Baltimore ne suka matsa a ci gaba da kawo musu, don mutanen unguwa ba su daina nema ba. Tun daga nan ya bar filin wasa ya koma takalmin titi.

Suna da daɗin sawa kuwa, ko ado ne kawai?

Daɗinsu matsakaici ne, kuma gara in faɗa maka tun kafin ka biya. An yi su ne don su riƙe ƙafa kam, su kama daɓen katako lokacin da ɗan wasa ya juya ko ya dira, da fasahar wancan zamani. Ƙasansu shimfiɗaɗɗe ne mai tauri. Wanda ya saba da takalmin gudu na yanzu mai soso lumtsum zai ji bambanci tun takun farko.

A cikinsu Air Force 1 ya fi kare ƙafa daga tsakuwa da zafin kwalta, saboda kaurin ƙasansa da jakar iskar da ke ciki. Amma yana da nauyi, kuma in ka wuni kana yawo za ka ji shi a ƙwauri. Ya fi dacewa da mai tsayuwa a kanti fiye da mai zagaya gari a ƙafa. Jordan 1 ya fi shi sauƙi, ƙasansa siriri, iskarsa 'yar kaɗan ce a dunduniya. Dunk ba shi da iska sam. All Star kuwa, duk tsakuwar da ka taka sai ka san ka taka ta. Forum da 550 suna riƙe tsakiyar ƙafa da kyau, sai dai fatarsu kan ɗauki lokaci kafin ta saki.

Maganin taurin mai sauƙi ne: cire shimfiɗar da ke ciki, in tana cirewa, ka sa mai kauri. Sabon takalmin fata kuma a saba masa a hankali, da safa mai kauri, 'yan sa'o'i a rana. Kada ka ajiye shi a kwali sai safiyar Sallah ka fito da shi, ka taka zuwa idi, daga can ka shiga ziyarar dangi. Kafin la'asar dunduniyarka ta yi bororo.

Yaya, da zafin Garwa mutum zai iya rufe ƙafarsa cikin fata haka?

A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba na ba kowa shawarar sa dogon kambas na fata da tsakar rana. Ƙananan hujojin da ke kan yatsu suna taimakawa, amma kaɗan. All Star ya fi shan iska, don yadi ne, kuma yana da hujoji biyu a gefen ciki. Fata ta gaske tana ɗan numfasawa. Wadda aka yi da leda, irin ta takalman kwaikwayo, dafa ƙafa take yi. Baƙi ya fi fari ɗaukar rana. A bazara ka yi aikinka da takalmi buɗaɗɗe, ka bar kambas sai yamma ta yi. Mutanen Ngaundere, da ke kan tudu sama da mita 1,000, sun fi mu sakewa a wannan fanni.

Wanne ya fi ƙarko?

Juya takalmin ka dubi yadda aka haɗa sama da ƙasa. Amsar tana nan. Iri uku ne.

Na farko, ƙasan roba ne da aka zuba kamar kwano, aka zaunar da fatar a ciki, aka manna, sannan aka bi da ɗinki a kewaye. Za ka ga layin zare yana zagaya gefen. Haka Air Force 1, Dunk da Jordan 1 suke. Wannan shi ne nake yaba wa ƙasarmu, domin zafi shi ne babban abokin gabar gam. Gam ya saki, zare yana riƙe. In ma zaren ya tsinke, hanyarsa tana nan, mai gyara zai bi ta da basilla ya mayar.

Na biyu, robar da aka gasa tare da saman takalmin har suka kama juna, aka naɗe gefen da ɗamarar roba. All Star da Nike Blazer ke nan. Suna da sauƙin lanƙwasawa, kuma a daidai wurin lanƙwasar suke fara mutuwa: ɗamarar ta buɗe baki a gefen ƙaramin yatsa, yadin ya huje a gefen dunduniya. Chuck 70, wanda Converse ta fitar a 2013, yadinsa ya fi na All Star ɗin yau da kullum kauri, ya fi jurewa.

Na uku, masu soso a tsakiya tsakanin fata da roba, da gam kaɗai ko da ɗinki kaɗan a hanci, irin Jordan 3 na 1988 da Jordan 4 na 1989, waɗanda Tinker Hatfield ya zana. Sun fi kowa kyan gani, suna kuma da laushi, amma kwanansu ƙidayayye ne.

Ta ɓangaren sama, fata mai santsi ta fi fata mai gashi-gashi irin ta Puma Clyde jure ƙasarmu. Mai gashin tana shan ƙura da mai, ba ta son ruwa, ba ta kuma gogewa da tsumma.

Na sayi Jordan 4 da ko taka shi ba a taɓa yi ba, sati guda ƙasan ya farfashe kamar garin tuwo. An cuce ni ne?

Mai yiwuwa na asali ne ma, sai dai ya tsufa a ajiye. Soson tsakiyar irin waɗannan takalma ana yin sa da wani sinadari mai suna poliyuretan. Laimar da ke cikin iska tana shiga ta karya shi a hankali daga ciki, zafi kuma yana gaggauta abin. Daga waje takalmi sumul, ciki ya riga ya ruɓe. Wanda ake takawa lokaci-lokaci yakan fi wanda aka kulle a kwali daɗewa. Ka tuna kuma hanyar da dila ke bi kafin ta iso mana: jirgin ruwa, sito a Duwala da laimarta, sannan doguwar tafiya zuwa arewa cikin rana.

Kafin ka biya, duba ƙyallen da ke cikin takalmin, akwai kwanan watan ƙira a jiki. In ya kusa shekara goma, yi hattara. Danna soson da babban yatsa. Lafiyayye zai dawo. Wanda ya mutu zai yi tsaga, ko fentinsa ya ɓamɓare, ko ka ji yana danƙo.

Alhaji, ta yaya zan gane na asali da jabu?

Fara da farashi. Sabon Air Force 1 a kantunan Faransa ya haura yuro 100, yuro ɗaya kuwa kusan sefa 656 ne, ka ga ya wuce sefa 65,000 tun kafin dako da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Duk wanda ya miƙo maka sabo fil a kwali a kan rubu'in wannan, ya rantse na asali ne, ka san inda maganar ta dosa. Ba na zagin wanda ya sayi na kwaikwayo da saninsa, kowa da ƙarfin aljihunsa. Abin da ba na yarda da shi shi ne a sayar masa da shi a kan kuɗin na asali.

Bayan farashi, sai hannu da hanci. Na kwaikwayo mai araha yana warin gam da leda tun daga buɗe kwali. Ɗinkinsa yana karkacewa, ko ka ga layin zaren gefe zane ne kawai a jikin roba, babu zare. Matsa bayan dunduniya da yatsu biyu: na ƙwarai yana da tauri, jabu yana lotsawa. Ɗaga shimfiɗar ciki ka ga ko an ɗinke ƙasan da tsabta ko kwali aka liƙa. A ƙyallen ciki Nike na sa lambar samfuri, misali farin Air Force 1 gajere na maza lambarsa CW2288-111. Rubuta lambar a waya, hoton da zai fito ya zama shi ne takalmin da ke hannunka, launi da komai. Masu kwaikwayo ma suna kwafe lamba, don haka ita kaɗai ba hujja ba ce, amma in ta saɓa, magana ta ƙare.

Wani kuskure da nake yawan ji: wai tunda an rubuta Biyetnam ko Sin ko Indunusiya, jabu ne. A waɗannan ƙasashe ake ƙera mafi yawan na asalin.

To sabo na kwaikwayo ko na asali ɗan gwanjo?

In kuɗin ɗaya ne, ɗauki ɗan gwanjon, muddin ƙasansa na ɗinki ne. Araha ba ta ado. Je ranar da aka fasa dila, ka zaɓa a tsanake. Dubi dunduniyar ƙasa, in ta cinye gefe guda takalmin zai riƙa karkatar da takunka. Sa hannu ciki ka shafa bayan dunduniya, nan yadin ciki ke fara yagewa. Lanƙwasa hancin ka ga ko baki zai buɗe. Sannan karanta ƙyallen ƙafa biyun duka, don a cikin dila akan haɗa dama 43 da hagu 44 in launi ya zo ɗaya. Kuma a gwanjo ma akwai jabu, Turawa ma suna saye suna zubarwa.

Lambata 43, amma wani 43 ya matse ni, wani ya yi mini yawa.

Bi santimita, tana rubuce a ƙyallen. A Nike na maza 42 santimita 26.5 ne, 44 kuma 28. Taka takarda, a zana ƙafarka, a auna daga dunduniya zuwa yatsan da ya fi tsawo, ka bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu. All Star yakan yi yawa, mutane da dama suna rage rabin lamba. Air Force 1 yana da fili a ciki. Blazer matsattse ne. Yawancinmu da silifa muka tashi, ƙafarmu ta baje, saboda haka faɗi ya fi tsawo ba mu wahala. Gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za ka riƙa sawa.

Dogo ko gajere?

Ga mai salla biyar a jam'i, gajere. Dogon Jordan 1 yana da kyau a hoto, amma ka tsaya a ƙofar masallaci kana kwance igiya liman ya yi ruku'u, da an sallame kuma mutane na jira ka gama ɗauri su wuce. Daga nan sai mutum ya fara cusa ƙafa da ƙarfi yana take bayan takalmin. Akwai wani abu mai tauri a cikin bayan dunduniya, shi ke tsayar da ƙafa, kuma in ya karye ya karye ke nan. Sassauta igiyar yadda ƙafa za ta shiga da taimakon yatsa ɗaya, ka ɗaure ta sau ɗaya ka tura kullin ciki. Wanda ke da rumfa ko ofis ya ajiye silifa na zuwa masallaci. Ranar Juma'a kuwa, in ka je da takalmi mai tsada, riƙe leda ka sa shi a gabanka.

Ni ɗan acaɓa ne. Zai jure?

Ƙasan zai jure, saman ƙafar hagu ne zai sha wuya, inda ƙarfen giya ke gogawa. Farar fata za ta yi baƙin tabo a 'yan kwanaki, yadin All Star kuma zai huje. Superstar ya ɗan fi, saboda murfin robar da ke kan yatsu. Zaɓi launi mai duhu, ka sa baduku ya ɗinka maka 'yar fata a wurin, ko ka sa wa ƙarfen giyar guntun tiyo. Tura igiya ciki kada ta kama wani ƙarfe.

Farin kambas da ƙurar hunturu, yaya za a yi?

Farar fata mai santsi ta fi farin yadi sauƙin sha'ani nesa ba kusa ba. Da ka dawo gida, kakkaɓe ƙurar da busasshen buroshi tukuna, sannan ka goge da tsumma mai ɗan laima. In ka fara da ruwa, ƙurar ta zama taɓo ta shige ɗinki, musamman jar ƙasa irin ta Ngaundere. Gefen roba a wanke shi da tsohon buroshin haƙori da sabulu. Igiya a cire ta a wanke daban.

Abubuwa uku ke kashe takalma a gidajenmu. Jiƙa su cikin bokitin omo su kwana. Zuba musu ruwan jabel, wato bilic, wanda ke mayar da farar roba rawaya, ya kuma cinye zare. Da shanya su a kan kwanon ɗaki ko katanga da tsakar rana, inda gam ke narkewa fata ta bushe ta tsattsage. A shanya a inuwa mai iska, a cusa takarda a ciki, mara rubutu in takalmin fari ne, don tawada na zuba. Farar roba dai ko an kula da ita za ta ɗan yi rawaya da shekaru, aikin iska da rana ne. Ƙwanƙwashewar fata a kan yatsu ma ba aibi ba ce, duk fatar da ake takawa sai ta yi.

Da damina fa?

Ba takalman ruwa ba ne. Fata mai santsi za ta jure yayyafi, yadi da mai gashi ba za su jure ba. In ya jiƙe, cire shimfiɗar ciki, a bar shi ya bushe sarai kafin a sake sawa.

Wari yake yi, ko na wanke sai ya dawo.

Laima ce. Mutum ya yi alwala, ya zura ƙafa a jiƙe cikin safa, ya rufe da fata, sau da yawa a rana. Tsane ƙafa sosai, har tsakanin yatsu, kafin safa. Safar auduga, a canza kullum. Wanda ke da hali ya riƙe kambas biyu daban-daban yana musanyawa, kowane ya samu wuni guda yana shan iska. Gawayi a ƙulle cikin ƙyalle, a kwana da shi a ciki, yana rage wari. In tsakanin yatsu ya fara fari yana ƙaiƙayi yana tsagewa, je asibiti ko wurin mai sayar da magani, wanki kaɗai ba zai kore shi ba.

Baba ya ce kambas da kaftani ba tsari ba ne. Haka ne?

Da babbar riga da hula ƙube, ina bayan Baba, wannan shiga takalmin fata na gargajiya take so. Amma ɗinkin samari, rigar da ta tsaya a gwiwa da wando mai tsukakkiyar ƙafa, tana karɓar gajeren kambas mai launi ɗaya sosai, fari ko baƙi ko ruwan ƙasa. Wandon ya tsaya a kan takalmin, kada ya taru ya rufe shi. Mai launi uku ko huɗu a bar wa jins da riga mara ado. 'Yan mata da ke sa Superstar ko Dunk gajere a ƙarƙashin abaya ko doguwar rigar atamfa, musamman ɗalibai masu doguwar tafiya zuwa aji, a ganina sun yi dabara. Hajiya mai neman na tafiya Umara ko na motsa jiki da safe kuwa, takalmin gudu mai laushi nake nuna mata, ba waɗannan ba.

An ce wasu da fatar alade ake yin su.

Akwai takalman da ake amfani da ita, galibi a shafin ciki ko a fata mai gashi. Ana gane ta da 'yan ɗige-ɗigen ramukan gashi da ke zuwa uku-uku a haɗe. Haska fitilar waya a ciki ka duba. Yawancin samfuran da na lissafa yadi ne a cikinsu, All Star kuwa gaba ɗayansa yadi ne da roba. Hukuncin sawa kuma na malamai ne, a tambaye su.

Zan iya buga ƙwallon kwando da su?

Jefa ƙwallo da abokai da yamma, babu laifi. Wasa na gaske a kan siminti, a'a. Yaron da ke kallon Pascal Siakam, wanda ya ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da ƙungiyar Toronto a 2019, ko Joel Embiid da ya zama gwarzon gasar a 2023, yana son bin sawunsu, ya nemi takalmin wasa na zamani. Ya fi sauƙi, ya fi kare gwiwa.

Ya fara buɗe baki. In jefar ko in kai gyara?

Kai gyara, kuma tun bakin yana ƙarami, kafin yashi ya shiga ya hana gam kamawa. Dukawanmu, musamman na Marwa da suka gaji aikin fata, hannunsu na da kyau. Abin da zan roƙa shi ne ka zauna a yi a gabanka. A goge wurin tas, a shafa gam fuska biyu, a bari ya sha iska kafin a haɗa, sannan a ɗinka ta hanyar tsohon zaren da zare mai launin takalmin. A Air Force 1 da Jordan 1 ka gaya masa akwai jakar iska a ciki, kada basilla ta nutsa tsakiyar ƙasan, ta tsaya a gefe. Dunduniyar da ta cinye ana iya liƙa mata guntun roba a daidaita. Yadin ciki da ya yage ana rufe shi da fata mai laushi. Soson da ya farfashe ne kaɗai gam ba ya yi masa komai. Sai dai a nemo wani takalmin mai lamba ɗaya wanda samansa ya lalace, a ciro ƙasansa a dasa, kuma kafin a fara ka tambayi kuɗin aikin, don wani lokaci ya kai na wani ɗan gwanjon.